Yadda ake saita na'urar numfashi ga huhun da ya ji mummunan rauni

Na'urar numfashi ba ta warkar da huhu. Aikinta ta riƙe maras lafiya da rai har maganin ƙwayoyin cuta, ko tiyata, ko jikin da kansa ya ci ƙarfin abin da ya jawo ciwon. A cikin waɗannan kwanaki na jira, na'urar da aka jona don ceton rai tana iya ƙara yayyaga huhun, kuma mafi yawan wannan ɓarna daga hannun mai saitawa take fitowa. Don haka nake rubuta wannan jagora ga sababbin likitoci da ma'aikatan jinya na sashen kulawa ta musamman. Maganar manya ce. Yara suna da nasu lissafin daban. Kuma ba ta maye gurbin babban likitan da ke tsaye a kan maras lafiya.

Ciwon da ake magana shi ne wanda likitoci ke kira ARDS, wanda David Ashbaugh da Thomas Petty da abokan aikinsu suka fara bayyanawa a 1967, daga marasa lafiya 12 a birnin Denver na Amurka. Wani abu ne ke tayar da kumburi, bangon 'yan jakunkunan iska na huhu ya fara yoyo, ruwa mai kauri ya cika su, oksijin ya kasa tsallakawa cikin jini. Abubuwan da ke kawo shi ba baƙi ba ne a asibitocinmu: nimoniya mai tsanani, cutar da ta bazu cikin jini bayan haihuwa ko bayan hujewar hanji, amai da ya koma huhu, haɗarin mota, ƙuna da shaƙar hayaƙi, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wani lokaci ma ƙarin jini.

Ma'aunin Balin da aka buga a 2012 ya nemi abu huɗu: ciwon ya taso cikin mako guda, hoton ƙirji ya nuna fari a huhu biyu, ba gazawar zuciya ko yawan ƙarin ruwa ba ne kaɗai sanadi, sannan oksijin na jini ya yi ƙasa duk da taimako. Ana raba oksijin na jinin jijiya, PaO2, da kason oksijin da ake bai wa maras lafiya, FiO2. Idan PaO2 yana 60, FiO2 kuma 0.6, sakamakon 100 ke nan. Daga 300 zuwa sama da 200 ciwon mai sauƙi ne, daga 200 zuwa sama da 100 matsakaici, 100 zuwa ƙasa mai tsanani. To, asibitin da ba shi da injin gwada iskar jini fa? Masu bincike a Kigali ta Ruwanda sun amsa wannan a 2016: a raba abin da na'urar yatsa ta nuna, SpO2, da FiO2, idan ya zo 315 ko ƙasa ya shiga ma'auni, kuma sikanin ƙirji na iya tsayawa a madadin hoto. Sabon ma'aunin duniya na 2023 ya karɓi wannan hanya, da sharaɗin SpO2 bai wuce 97 ba lokacin lissafin. Gane ciwon da wuri shi ne rabin aikin, domin babban binciken LUNG SAFE na 2016, wanda ya zagaya ƙasashe 50, ya gano kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda ake kwantarwa a sashen kulawa ta musamman suna da shi, amma likitoci sun gane kusan kashi 60 ne kawai daga cikinsu. Wanda ba a gane ba, saitin kowa da kowa za a yi masa, kuma wannan saitin ne ke cutar da shi.

Huhun ya ƙanƙance

A hoton ƙirji na yau da kullum, sai a ga kamar huhun gaba ɗaya ya yi fari daidai wa daida. Luciano Gattinoni na Milan a Italiya ya duba da sikanin CT a shekarun 1980 ya ga ba haka ba ne. Huhun yana kama da katifar soso da ta sha ruwa: nauyin sama yana danne ƙasa, sashen da ke wajen baya ya toshe, saura ɗan kaɗan a wajen gaba ne ke karɓar iska. Girman wannan saura bai fi huhun ƙaramin yaro ba. Duk iskar da na'ura ta tura, cikin wannan ɗan sashe take shiga. Idan aka tura masa ta ƙato, sai ya buɗe fiye da kima, ya yage, kumburi ya ƙaru, gubar kumburin ta bi jini ta taɓa ƙoda da sauran gaɓoɓi.

An gwada wannan fahimta a binciken ARDSNet da aka buga a 2000. Marasa lafiya 861, wasu aka ba su mililita 12 na iska a kowane kilo, wasu mililita 6. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa 31. Ba sabon magani, ba sabuwar na'ura, rage iska kawai. Akwai abin lura a ciki da nake so kowane sabon ma'aikaci ya riƙe: a kwanakin farko, waɗanda aka ba iska mai yawa sun fi nuna kyakkyawan oksijin, amma su ne suka fi mutuwa. Mai bin lambar da ke kan allo don ta yi kyau, garin neman gira zai rasa ido.

Tef ɗin awo kafin maɓalli

Kilon da ake lissafi da shi ba na sikeli ba ne. Huhu ba ya ƙara girma don mutum ya yi ƙiba. Tsawo da jinsi ne ke yanke girmansa. Saboda haka abu na farko, a ɗauko tef a auna maras lafiya yana kwance, daga ƙoƙon kai zuwa diddige. Kada a yi ƙiyasi da ido, ido yana ƙara wa gajere tsawo. Ga namiji, a cire 152.4 daga tsawonsa a santimita, a ninka da 0.91, a ƙara 50. Ga mace haka nan, sai dai 45.5 za a ƙara. Namiji mai tsawon santimita 170 zai zo kilo 66, iskar numfashinsa guda kusan mililita 400. Mace mai tsawon 160 za ta zo kilo 52 da 'yan kai, tata kusan mililita 315, ko da sikeli ya ce kilo 90 take. Mata da gajerun mutane su aka fi zalunta a nan, domin hannu ya saba da danna 500 ga duk wanda aka kawo. A rubuta tsawon da kilon lissafin da lambar mililita 6 a takarda a manna a gefen gado, yadda mai aikin dare ba sai ya sake lissafi ba.

A zaɓi tsarin da na'ura ke ba da ƙayyadadden yawan iska a kowane numfashi, shi ya fi sauƙin sa ido. A fara da mililita 8 a kilo, a riƙa rage 1 bayan kowace awa ɗaya ko biyu har a sauka 6. Tun da an rage girman numfashi, dole a ƙara yawansa a minti, sau da yawa 24 zuwa 30, iyaka 35. Wanda aka sa wa bututu yana haki saboda jininsa ya yi tsami, idan aka sa masa 12 a minti kamar na ɗakin tiyata, zuciyarsa na iya tsayawa cikin ɗan lokaci.

Matsi biyu da za a riƙa aunawa

Allo yana nuna matsin ƙololuwa a kowane numfashi, amma ba shi ne abin da jakunkunan iska ke ji ba, domin ya haɗa da tirjiyar bututu da majina. Don a san na gaskiya, a danna maɓallin riƙe numfashi a ƙarshen shaƙa na rabin daƙiƙa ko fiye kaɗan, lokacin da maras lafiya ba ya kokawa da na'ura. Lambar da matsin ya sauka ya tsaya a kai ita ce matsin tsayawa, kuma kada ta wuce 30. Duk lambobin matsi a nan da santimita na ruwa ake auna su. A auna aƙalla kowace awa huɗu da kuma bayan kowane canjin saiti. Idan ya haura 30, a rage iska zuwa mililita 5 a kilo, in ta kama har 4.

Bambancin matsin ƙololuwa da na tsayawa yana ba da labari. Ƙololuwa ta tashi, tsayawa na nan inda take: matsalar a hanyar iska take, majina, ko lanƙwashewar bututu, ko cizonsa, ko ƙuncin hanyoyin huhu. Duka biyu sun tashi tare: huhun ne ya ƙara tauri, ko iska ta fashe ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, ko bututu ya zarce cikin reshe ɗaya, ko ciki ya kumbura yana tokare ƙirji.

Na biyu, bayan matsin tsayawa, shi ne tazarar matsi: a cire PEEP, wato matsin da na'ura ke bari a ƙarshen fitar numfashi, daga matsin tsayawa. Marcelo Amato na Birazil da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa wannan tazara ta fi sauran lambobi alaƙa da rayuwa ko mutuwa, kuma ana so ta zauna ƙasa da 15. Marasa lafiya biyu na iya samun matsin tsayawa 28, ɗaya da PEEP 10, ɗaya da 16. Na farko tazararsa 18, na biyu 12, kuma huhun na farko ne ke shan jan da ya fi ƙarfinsa a kowane numfashi. Lissafi ne na daƙiƙa biyar, ban ga dalilin da zai sa a bar shi ba.

Da ƙaramin numfashi, iskar kabon za ta taru a jini, kuma ana haƙuri da hakan muddin pH yana 7.30 zuwa sama. Idan ya sauka ƙasa, a ƙara yawan numfashi har 35, ana duba cewa iska tana gama fita kafin sabuwa ta shigo. In ba haka ba za ta taru a ƙirji ta danne zuciya. Ƙasa da 7.15 ana iya ƙara girman numfashi kaɗan ko da matsi zai ɗan haura. Mai rauni a kai da ƙwaƙwalwarsa ta kumbura ba ya cikin wannan haƙuri, kabon mai yawa yana ƙara masa matsi a ƙoƙon kai, sai an zauna da babban likita an auna wanne ya fi haɗari.

Oksijin, da maganar launin fata

Tsarin ARDSNet ya sa burin SpO2 tsakanin 88 da 95, ko PaO2 tsakanin 55 da 80. Ba a neman 100, domin oksijin mai yawa na tsawon kwanaki shi ma yana cin huhu, ga kuma silinda da ke ƙarewa a banza. Sai dai akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Na'urar yatsa haske take harbawa ta cikin fata, kuma an daɗe da sanin tana iya ƙara wa mai baƙar fata maki. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna cewa a cikin waɗanda na'ura ta nuna musu 92 zuwa 96, baƙar fata sun ninka farar fata kusan sau uku wajen samun oksijin na gaskiya ƙasa da 88. Ra'ayina, inda ba a iya gwada jinin jijiya akai-akai, kada a zauna a kan 88. A nemi 92 zuwa 96. A goge lalle ko jan farce in zai yiwu ko a koma kunne, a ɗumama yatsa mai sanyi, a duba cewa bugun da na'urar ke nunawa ya yi daidai da na zuciya kafin a gaskata lambarta.

PEEP shi ne ɗan matsin da na'ura ke bari a ƙarshen fitar numfashi don kada jakunkunan iska su rufe, domin rufewa da buɗewa sau dubbai a rana yana goge su. Ba a sauka ƙasa da 5. Hanya mafi sauƙi ita ce jadawalin ARDSNet, inda PEEP ke hawa tare da FiO2: a 0.4, PEEP 5 zuwa 8, a 0.5, 8 zuwa 10, a 0.6, 10, a 0.7, 10 zuwa 14, a 0.8, 14, a 0.9, 14 zuwa 18, a 1.0, 18 zuwa sama. A ƙara biyu-biyu, a jira mintuna, a sake auna tazarar matsi. Ta ragu, sabon huhu ya buɗe. Ta ƙaru, ko hawan jini ya faɗi, wanda ke buɗe ne ake ƙara cikawa, a koma baya. Dabarar hura huhu da matsi mai tsananin yawa don a buɗe shi da ƙarfi kuwa, binciken ART na 2017 ya nuna ta ƙara mutuwa. A bar ta. Haka na'urar nan mai kaɗa iska sau ɗaruruwa a minti, bincike biyu na 2013 ba su ga amfaninta ga manya ba.

Kifa maras lafiya

Idan bayan awa 12 zuwa 24 na saiti mai kyau rabon PaO2 da FiO2 yana ƙasa da 150, FiO2 kuma 0.6 ko fiye, lokacin kwantar da shi rub da ciki ya yi. A binciken PROSEVA na 2013, wanda Claude Guérin na Faransa ya jagoranta a kan mutum 466, mutuwa cikin kwana 28 ta kasance kashi 16 cikin 100 ga waɗanda aka kifa, kusan 33 ga waɗanda aka bari rigingine. Sashen baya na huhu ya fi girma. Idan aka juya, nauyin zuciya da na ciki ya sauka daga kansa, iska ta rarrabu daidai, majina ta sami hanyar fita. Wannan magani ba ya buƙatar kuɗi ko wutar lantarki, hannaye yake buƙata da tsari, kuma abin takaici ne yadda tsoro ke sa a jinkirta shi har sai maras lafiya ya kai gargara.

Ana buƙatar mutum biyar in da hali: ɗaya a wajen kai wanda ba shi da aiki sai riƙe bututu kuma shi ke ba da umarni, biyu-biyu a kowane gefe. Kafin a taɓa shi, a duba lambar da bututu yake a bakin haƙora a ƙara ɗaure shi, a zuƙe majina, a tsayar da abincin bututun hanci a zuƙe abin da ke ciki, a shafa wa idanu man kariya a rufe su, a sassauta layukan ƙarin ruwa da na fitsari yadda za su isa, a ɗaga FiO2 zuwa 1.0 na ɗan lokaci. A naɗe shi tsakanin zannuwan gado biyu, a ja shi bakin gado, a tsayar da shi a gefe, a dakata a duba bututu, sannan a kifa. Wayoyin auna zuciya su koma baya. Matashi a ƙarƙashin ƙirji da ƙugu da ƙwauri, ciki ya zauna sake. Hannu ɗaya sama a gefen da fuska ke kallo, ɗaya ƙasa, a riƙa sauya kai da hannaye kowace awa biyu, ana duba goshi da kunci da gwiwa saboda gyambon kwanciya.

Ya zauna haka aƙalla awa 16 a jere. Kifawar awa huɗu wahala ce kawai ga ma'aikata. Shi ya sa ya fi dacewa a kifa da yamma a juyo da safe lokacin da hannaye suka fi yawa. A maimaita kullum har sai, bayan awa huɗu a rigingine, rabon ya kai 150 da PEEP 10 ko ƙasa da FiO2 0.6 ko ƙasa. Ba a kifa mai karayar ƙashin baya ko ƙugu da ba a daidaita ba, ko mai kumburin ƙwaƙwalwa, ko wanda aka buɗe wa ƙirji kwanan nan. Fuska za ta kumbura, kuma dangi za su firgita idan ba a riga an gaya musu ba. Kalma biyu sun isa: "Hajiya, za mu kwantar da shi rub da ciki ne don bayan huhunsa ya buɗe. Za ki ga fuskarsa ta kumbura, zai sauka in mun juyo shi."

Maganar magunguna kuma, maganin ciwo ya riga na barci, kuma a ba da gwargwadon da zai sa maras lafiya ya daina faɗa da na'ura. Mai jan numfashi da ƙarfi, ko mai haɗa numfashi biyu a jere, yana mayar da mililita 6 zuwa 12 ba tare da an taɓa maɓalli ba. Idan gyaran saiti da maganin barci sun kasa, ana ba da maganin shanye tsoka na ɗan lokaci, bai wuce awa 48 ba. Binciken Faransa na 2010 ya ga amfaninsa, na Amurka na 2019 bai gani ba, don haka ba na kowa ba ne. Kuma haramun ne a aikinmu a shanye tsokar mutum bai yi barci mai nauyi ba. Ruwa kuma, da zarar hawan jini ya daidaita a rage ƙari a taimaka wa fitsari. Binciken FACTT na 2006 ya nuna hakan yana rage kwanakin zama a kan na'ura. A ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, a wanke baki akai-akai, matsin balan-balan ɗin bututu ya zauna 20 zuwa 30. Injin ECMO mai sa wa jini oksijin a wajen jiki yana nan ga wanda duk wannan ya kasa, a 'yan cibiyoyin da ke da shi.

Idan oksijin ya faɗi farat ɗaya, a bar allo a dubi mutum. A cire shi daga na'ura a matsa masa jakar Ambu da oksijin. Ya gyaru, laifin na'ura ne ko igiyoyinta ko silinda. Jakar ta yi tauri, a zura robar zuƙa a ga ko bututu ya toshe, a duba ko ya goce, a saurari ƙirji biyu. Gefe ɗaya shiru, hawan jini na faɗuwa, iska ce ta taru, allura ake sokawa nan take ba a jiran hoto. Inda wuta ke ɗaukewa, kowane gado ya kasance da jakarsa da cikakken silinda da makullinsa, kuma mai karɓar aiki ya san mintuna nawa batirin na'urar ke ɗauka. A matsa jakar a hankali da hannu ɗaya, domin hannu biyu cikin ruɗewa na iya tura ninkin abin da aka yini ana kiyayewa.

Kowace safiya a rage maganin barci a tambayi ko lokacin sauka ya yi. Idan sanadin ciwon yana ja da baya, FiO2 ya sauko 0.4, PEEP 8 ko ƙasa, hawan jini na tsaye ba da maganin ɗaga shi mai yawa ba, a bar shi ya yi numfashi da kansa da ɗan tallafi na minti 30 zuwa awa biyu. Numfashi ya haura 35 a minti, ko SpO2 ya sauka ƙasa da 90, ko gumi da fizge-fizge, a mayar da shi saitin da ya huta a kai a sake gwadawa gobe. Ya ci gwajin, sai a duba abu uku kafin a zare bututu: yana farke yana bin umarni, tarinsa na da ƙarfi, majina ba ta fi ƙarfinsa ba. Kayan mayar da bututu su kasance a gefen gado, kuma a zare da safe lokacin da wanda zai iya mayarwa yake kusa.